Kawu, Wanda Ya Sa Italiyawa Daka Sakwara

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa. Kawu ya cika ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa, bayan jinyar wata uku. Ya haura shekara tamanin. Aka yi masa sutura, aka sallace shi bayan azahar, kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabarta da jar ƙasa a ƙafafunsu.

Abin da ya ba 'yan uwa mamaki shi ne irin mutanen da suka cika gidan a kwana ukun zaman makoki. Dangi da abokan masallaci da tsofaffin ɗalibansa, waɗannan an san za su zo. Amma sai ga matan kasuwar doya, Tibi da Eggon da Alago, sun ɗaura ɗankwali sun shigo a jere, wata riƙe da doya, wata da kwanon agushi. Suka durƙusa suka gai da matar Kawu, suka gai da Inna, mahaifiyata, wadda ita kaɗai ta rage a ƙannensa. Da babbar cikinsu ta hango ni sai ta kama hannuna ta ce, “Kuku, sannu. Tisha ya tafi.” Yaran gidan suka bi ni da kallo. Ni malamar asibiti ce, ba su taɓa jin wani ya kira ni kuku ba.

A wajen maza kuma wani dillalin doya ya zo daga Doma a kan babur, ƙato mai furfura. Ya zauna ya yi addu'a yana hawaye. Can ana cikin shiru sai ya tuna wani abu, dariya ta kufce masa, ya cire hula ya toshe baki yana neman gafara. Liman ya dube shi, shi ma ya sunkuyar da kai yana murmushi, don ya san abin da mutumin ya tuna.

Wanda ya fi daɗewa shi ne Baba mai ogan, aminin Kawu, tsoho ɗan Tibi da ya haura shekara hamsin yana buga ogan, abin kiɗan nan mai kama da piyano, a cocinsu. Jikokinsa suke kawo shi a keke da safe, su zaunar da shi a benci gefen zaure, su dawo su ɗauke shi da yamma. An kai masa abinci ya ƙi. Da na fita gaishe shi ya ce da irin Hausarsa, “Shi kullum haka. Yana shiga waƙa kafin lokaci, ba ya jira mutum.”

A ranar uku wata jikar Kawu ta tambaye ni wane wasa ne matan kasuwa suke ta magana a kai. Jikarsa ta cikinsa, ba ta sani ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, kafin mu da muka gani mu ma mu bi shi.

Kakanninmu daga Barno suka zo Lafiya tun zamanin da ba wanda zai iya tunawa, kuma Barbarcin da ya rage a bakinmu bai wuce na gaisuwa ba. Gidan fatake ne da ma'aikatan gwamnati, ba gidan kiɗa ba. Kawu ne ya fita daban. Yana saurayi ya yi wa wasu Turawan Italiya masu aikin hanya tafinta, tsakaninsu da leburori, da ɗan Turancin da ya samu a makaranta. A sansaninsu ya saba da kukunsu, wani gajeren tsoho da ba ya girki sai garmaho na juyawa. Da aiki ya ƙare tsohon ya bar masa garmahon da faifai shida a cikin kwali ɗaya. Faifan nan shida wasa ɗaya ne, irin wasan ban dariya na ƙasarsu da ake yi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, wanda suke kira opera. A bayan kwalin akwai zanen wani tsoho mai tumbi riƙe da makullai, da wata mata a bayansa riƙe da ludayi tana dariya. Kukun ya taɓa ba shi labarin wasan sau ɗaya, yana yanka albasa.

Daga nan Kawu ya tafi kwalejin horon malamai, ya dawo ya koyar da Turanci da tarihi har ya yi ritaya. Amma duk safiyar Juma'a, in zai yi aski, sai ya fito da garmahon tsakar gida ya wana shi ya ɗora faifai, ya zauna da madubi a gwiwa yana bin waƙar da baki. Kakarmu, mahaifiyarsu, in ta ji macen faifan ta ja murya sama, takan leƙo ta tambaya ko har yanzu baiwar Allahn nan ba ta haihu ba. Mu yara muna ɗaukar haka wata larura ce ta Kawu, kamar yadda wani yake da ciwon ƙafa.

Mutum ne mai tsabta da kafiya. Ba ya shan shayi da sukari, ba ya hawa mota in keken ƙafarsa zai iya kai shi, kuma bai taɓa cewa “na yi kuskure” a gabana ba. Yana da maganganunsa da kowa ya haddace. In ɗalibi ya yi ha'inci a ƙaramin abu sai ya ce wanda ya yi ƙarya a gishiri zai yi a nama. In aka raina mai barkwanci sai ya ce sa mutum kuka ko albasa ta iya, sa shi dariya ne aiki. Ni kuma Uwata yake kirana, don sunan Kaka aka sa mini.

Ina da shekara talatin da uku mijina ya rasu a hatsarin mota, ya bar ni da yara biyu. Na koma ɗakin Inna na yi takaba. Wata huɗu da kwana goma suka cika, aka ce in fita, ban fita ba. Ban koma aiki ba, ban je gidan kowa ba. Ina tashi in yi salla, in yi wa yara wanka, in koma in zauna a bakin gado. Masu nasiha sun zo sun yi har sun gaji.

Kawu bai yi mini nasiha ba. Wata rana da yamma ya jingine kekensa, ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce yana da matsala. Tun da ya yi ritaya ya zauna ya mayar da wasan faifan nan Hausa, baiti bi baiti, Baba mai ogan kuma ya kwashe shekara guda yana zuwa duk Asabar yana ɗauke kiɗan da kunne. Yanzu suna so su nuna shi a Lafiya. Ya samu kowa sai mace ɗaya da za ta daka sakwara a tsakiyar wasa, dakan ya tafi daidai da kiɗa. Ya gwada mata uku, duk suna gudu su bar ogan a baya. Ya ce ya tuna dakana tun ina budurwa, tabaryata ba ta sauri ba ta nawa.

Na ce masa ban iya waƙa ba, kuma ba na son ganin mutane.

Ya ce, “Uwata, wa ya ce ki yi waƙa? Daka kawai. Ki juya musu baya ma in kin so.”

Inna tana tsakar gida tana ji. Ba ta taɓa ɗaga wa yayanta murya ba sai ran nan. Ta ce, “Yaya, ka ji tsoron Allah. Yarinya ba ta daɗe da fita takaba ba, za ka tsayar da ita gaban maza ana kaɗa mata kiɗan coci? Me dangin mijinta za su ce?”

Kawu ya ce, “Wata bakwai ke nan tana kallon bango. Me dangin mijinta suka ce a kan wannan?”

Ya hau kekensa ya tafi. Tun ina yarinya Inna take aika masa tuwon shinkafa duk Juma'a. Wannan Juma'ar ba ta aika ba, ta gaba ma haka. Ni kuwa har yau ban san abin da ya tashe ni ba. Bayan kwana huɗu na yafa mayafi na bi bayan gida na nufi tsohuwar makarantar da yake koyarwa, inda suke haɗuwa bayan la'asar a ƙarƙashin wani babban mangwaro.

A can na ga mutanen da ya tara, babu ɗan wasa ko ɗaya a cikinsu. Labarin, kamar yadda Kawu ya rubuta shi, na wani tsoho ne mai masaukin baƙi, marowaci, wanda ya kulle ɗakin abinci ya rataya makulli a wuya, yana ba ma'aikatansa ruwan miya da ƙanzo. Kukunsa da baransa suka haɗa baki suka ce masa wani babban attajiri na tafe zai sauka a gidan, don ya buɗe ɗakin a yi girki. Marowacin shi ne dillalin doyan nan na Doma. Kawu ya ji shi yana ciniki a kasuwa da murya kamar an buga ganga a rijiya, ya bi shi har gida. Baran wani siririn tela ne maƙwabcin Kawu. Masu amshi matan kasuwar doya ne, waɗanda yawancinsu suna waƙa a coci. Kukun kuma, ashe, ni ce.

Makon farko daka kawai na yi, na juya baya kamar yadda aka yi alkawari. A mako na biyu Kawu ya ce akwai kalma ɗaya tak da kuku take amsa wa maigida, ba zai yi kyau tela ya faɗe ta ba. Na faɗa. Bayan kwana biyu kalmar ta zama layi. Kafin wata ya ƙare ina rera baiti goma sha biyu ina fuskantar mutane, ban san lokacin da na juyo ba. Muryata ba ta da wani daɗi, kowa ya sani. In na kauce, sai Baba mai ogan ya bi ni da kiɗan ya dawo da ni hanya ba tare da ya ɗago kai ba.

Rigimar da ta kusa kashe wasan tsakanin aminan biyu ta taso. Baba mai ogan yana ganin abin Turawa a yi shi kamar Turawa. Yana so a sa kwat da dogayen riguna, a yi wa maza farin gashi da auduga, a zana gidan Italiya a jikin zane a rataya a baya, a riƙe tukunyar kwali a yi kamar ana girki. Har ya sa matan cocinsu sun fara ɗinki. Kawu ya ƙi. Ya ce mutanen cikin faifan nan ba sarakai ba ne, talakawa ne masu jin yunwa irinmu, kuma ba wanda zai yi dariyar yunwar da aka zana a kwali. Shi yana son murhu na gaske da wuta, turmi na gaske da doya a ciki, ƙofa ta gaske da kwaɗo. Kowa ya sa kayan da yake zuwa kasuwa da su. In marowaci ya ce yana jin ƙamshin miya, to 'yan kallo ma su ji shi a hancinsu.

Sun yi makonni suna ja, kullum a tashi ana dariya. Ranar da aka fara hura wutar ce abin ya ɓaci. Iska ta kwaso hayaƙi ta watsa wa Baba a fuska, ya shiga tari, ya ce hayaƙin zai lalata masa ogan, zai kuma kashe muryar mata. Kawu ya ce ogan ɗin da ke tsoron hayaƙi bai san gidan mutane ba. Baba ya ce mutumin da bai iya karanta ko layi ɗaya na rubutun kiɗa ba shi zai koya masa aiki. Sai Kawu ya faɗi maganar da bai kamata ba. Ya ce Baba ya shekara arba'in yana buga abin da Turawa suka miƙa masa, bai taɓa tambayar abin da yake nufi ba.

Baba ya rufe ogan ɗinsa a hankali, ya kira mai baro aka ɗora, ya bi bayansa bai waiwayo ba.

Mun ce wa Kawu ya je ya ba shi haƙuri. Ya ce bai faɗi ƙarya ba. Ya kawo rediyo mai kaset ya naɗi faifan, ya ce da shi za mu yi. Mako uku muna fama. Kaset ba ya jiran kowa. In dillali ya manta baiti, Italiyawa sun wuce. In na kauce, babu mai dawo da ni. Matan kasuwa suka fara raguwa, yau shida, gobe huɗu. Ran nan na dawo gida na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, abin ya watse, ba zan ƙara zuwa ba. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, a wurina na da.

Na ɗauka za ta yi murna. Ta tsaya a ƙofa tana kallona. Daga baya ne ta gaya mini cewa a watannin nan biyu tana jina ina yi wa yara wanka ina ƙus-ƙus da waƙar kuku, kuma ta ji ni sau ɗaya ina ba ƙanwata labarin yadda dillali yake tafiyar marowaci har ina dariya. Ta ce tun ranar da aka shigo da gawar mijina ba ta ji wannan sautin ba.

Washegari da hantsi ta yafa babban mayafinta ta ce in raka ta unguwa. Muka hau keke mai ƙafa uku har bayan coci, gidan da ba ta taɓa taka ƙafarta ba. Baba mai ogan yana zaune yana ɓare gyaɗa. Ya miƙe da sauri ya sa aka kawo kujeru. Bayan gaisuwa Inna ta ce, “Baba, yayana ba shi da gaskiya, kuma ba zai zo ya faɗa ba. Tun muna yara haka yake. Ni na zo a madadinsa. Ba don shi ba, don yarinyar nan.”

Baba ya dube ni, ya dubi gyaɗarsa. Ya ce, “Yarinyar nan, shi ba ya iya waƙa sosai. Amma shi yana da lokaci a hannunsa, tabarya nasa ba ya ƙarya.” Sannan ya ce zai dawo, da sharaɗi biyu. A mayar da murhu inda iska ba za ta kawo masa hayaƙi ba. Kuma kowa ya sa abin da ya ga dama, amma shi kwat ɗinsa zai sa.

Ya dawo ranar Asabar. Ba wanda ya ba wani haƙuri. Kawu ya ga baro ya shigo da ogan, ya naɗe hannun rigarsa ya kwashe duwatsun murhu da kansa ɗaya bayan ɗaya ya kai su ɗaya gefen mangwaron. Baba ya buɗe ogan ya ce a fara daga inda aka tsaya. Juma'ar da ta biyo, tuwon Inna ya isa gidan Kawu. Ya cinye ya aiko da kwano, babu saƙo.

An yi wasan wata Asabar bayan la'asar, a ƙarshen damina, lokacin sabuwar doya. Aka jera bencin makaranta da na coci, aka shimfiɗa tabarmin da aka aro daga masallacin unguwa. Mutane suka cika filin, wasu a kan katanga. Liman ya zo ya tsaya daga gefe ya ce wucewa yake yi, aka ba shi kujera, bai wuce ba. Ɗakin ajiya na makarantar shi ne ɗakin abincin marowaci, da ƙofarsa ta katako da ƙaton kwaɗo, a ciki an zuba doya da manja da kaji biyu masu rai. Baba mai ogan ya zauna cikin baƙin kwat da jan ƙyalle a wuya, gumi na zubo masa, shi kaɗai kamar ango a cikinmu.

Da ya fara kiɗan buɗewa mutane suna ta surutu. Amma da dillali ya fito da tsohuwar rigarsa ta kasuwa yana ƙirga ƙwayar gishiri a tafin hannu yana waƙa, sai dariya ta tashi daga wajen mata, don kowace ta san wani mai irin halin. Tela ya zo da labarin attajirin ƙarya, marowaci ya ruɗe, ya ciro makulli daga wuya ya nufi ƙofa yana rera cewa yau ɗaya zai buɗe, gobe ya rufe har abada. Ya zura makulli ya murɗa. Makullin ya karye a cikin kwaɗon.

Mu da muke ciki mun san wannan ba ya cikin wasa. Dillali ya tsaya da guntun ƙarfe a hannu, ya ƙara rera baitin, ya juya yana neman Kawu da ido. Kawu yana zaune a gaba ya harɗe hannuwa, ko motsi bai yi ba. Baba ya koma farkon kiɗan ya sake, ya kuma sakewa. Dillali ya shiga jijjiga ƙofar da gaske, kajin ciki suka ɗauki kuka, gumi ya jiƙa masa riga. 'Yan kallo suna ta dariya suna ɗauka shiri ne, amma ni ina ganin nan da ɗan lokaci za su gane, kuma duk abincin da za a dafa yana bayan ƙofar nan.

Tabarya tana hannuna. Ban yi shawara da kowa ba. Na taka na isa ƙofar, na ɗora wasu kalmomi nawa a kan kiɗan da Baba yake ta maimaitawa, na rera, “Matsa gefe, maigida, ga makullin talaka.” Na ɗaga tabarya na sauke a kan kwaɗon, daidai da kiɗa, sau uku. A na ukun ƙarfen ya fita da katakonsa, ƙofa ta wangale, kaza ɗaya ta yi tsalle ta bi ta kan dillali ta faɗa cikin 'yan kallo.

Ban taɓa jin dariya irin ta ran nan ba. Maza suna dukan benci. Liman ya cire tabarau yana share ido. Na hango Inna a cikin mata ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Dillali kuwa ya durƙusa gaban karyayyen kwaɗon yana kuka da waƙa kamar an yi masa mutuwa, shi ma daga kansa ya ƙirƙiro. Aka ci gaba da wasa, na dafa miya a gaban jama'a, na daka sakwara ina rera baitocina, kuma da marowaci ya gane babu wani attajiri sai ya haƙura ya ce a ciyar da duk wanda ke gidan. Matan kasuwa suka fito da kwanukan da suka dafo tun safe, aka bi benci-benci ana rabawa. Aka tashi ana kiran magariba, hannun kowa da manja.

Da na je wurin Kawu ina jiran ya yaba mini, sai ya ce na shiga baiti na huɗu da wuri. Sannan ya ce gobe in aiko da kafinta ya gyara ƙofar makaranta. Amma da ya juya zai hau keke na ga ya kasa samun feda da ƙafarsa, sai da ya tsaya ya goge fuska da hannun riga.

Sau ɗaya aka ƙara yin wasan, a Doma, wannan karon da makulli biyu, kuma kowa ya ce bai kai na farko ba. Bayan wata guda na koma aiki asibiti. Wasu a dangi sun yi ta gunaguni har shekara ta zagayo, sannan suka samu wani abin magana. Garmahon ya lalace, ba a samu mai gyara ba, Kawu ya ci gaba da askin Juma'a yana waƙar da bakinsa.

A cikin jinyarsa ta ƙarshe, 'yata, wadda yanzu take jami'a, ta ga kwalin faifan a kan kabad. Ta kwafi rubutun jiki a wayarta, cikin ɗan lokaci sai ga wasan gaba ɗaya, yadda aka yi shi a wani babban ɗakin wasa a Italiya, da fassarar Turanci a ƙasa. Ta kawo wa Kawu da murna, muka tayar da shi muka jingina shi da matashi. Kiɗan farko ya tashi, ya lumshe ido yana kaɗa yatsa.

Ba a yi nisa ba na fara jin wani iri. Babu masauki a labarin, babu ɗakin abinci, babu rowa. Rigimar gado ce da wata wasiƙa da ta faɗa hannun da ba nata ba. Mai ludayin ba kuku ba ce, uwargidan ce ta ɓad da kama. Waƙar da na daɗe ina rerawa a kan doya da manja, ashe mace ce take yi wa masoyinta gori. Na yi wa 'yata alama ta kashe, Kawu ya ɗaga hannu ya hana. Ya kalla har ƙarshe, sama da awa biyu. Muna zaune muna tsoron abin da muka jawo wa tsoho marar lafiya.

Aka gama. Sai ya fara dariya, a hankali, har tari ya sarƙe shi muka ba shi ruwa. Ya ce kukun nan da hannu da ido ya ba shi rabin labarin, Italiyancin da shi Kawu ya iya kuwa bai wuce na zo, tafi, ci, kawo ba. Abin da bai gane ba ya cike da zanen kwali da yadda muryoyin suke tashi da sauka, shekara da shekaru, har ya manta inda nasu ya tsaya nasa ya fara.

Ya ce, “Nasu ma ba laifi. Sai dai an tashi ba a ba kowa abinci ba.”

Sannan ya ce a mayar masa baya kaɗan. Akwai wurin da aka nuna tsakar gidan, shanya a kan igiya, mutane cikin kayansu na yau da kullum, babu farin gashi, ga tukunya a gefe tana tururi. Ya sa aka tsayar a nan. Ya ce gobe a je a ɗauko masa Baba mai ogan.

Aka kawo shi da hantsi. Tsofaffin biyu suka haɗa kai a kan wayar, Kawu yana nuna tukunyar da yatsa, yana cewa ga su nan, masu abin da kansu, da wutarsu a kan dandamali. Baba ya sa tabarau ya kalla, ya sa aka maimaita masa sau biyu. Sannan ya jingina da kujera ya ce wannan ba wuta ba ne, hayaƙin inji ne, ko yaro ya gani ya sani. Kawu ya ce tururin miya ne. Baba ya ce in miya ne me ya sa ba wanda ya yi tari. Suka yi ta yi har aka kira azahar, matar Kawu ta leƙo sau biyu tana cewa a bar marar lafiya ya huta, ba wanda ya saurare ta. Ran nan Kawu ya ci abinci fiye da yadda ya ci a mako guda.

Ganinsu na ƙarshe ke nan. Bayan kwana tara Kawu ya rasu, ba su gama musun ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kafiyarsa da kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Yadda ya fito da ni daga ɗaki, Allah ya buɗe masa ƙofar rahama. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau.